Azumin da Gwaggo Ta Yanke Mana Kawuna

Bana azumi ya sake faɗowa cikin zafi, irin zafin Arlit da ke sa ƙofar ƙarfe ta ƙona hannun mai gidan. Wuta tana zuwa tana tafiya yadda ta ga dama, motocin da ke kwasar ma'aikata zuwa ramin haƙar ma'adini rabinsu a fake suke, kowa a gari bakinsa a bushe ransa a kusa. Ranar sha biyu ga wata ina kwance a inuwa da jiƙaƙƙen zane a kaina, sai ƴata Nana ta turo mini salula har kan hanci. Wai in ga wani sabon abu da matan ƙasashen waje suka ƙirƙiro. Sai su sami littafi, su yanka takardu masu launi su manna, su yi ƴan mutane da tufafinsu, su rubuta abin da ya same su a ranar daga gefe. Har koyar da shi ake yi, in ji ta, kuma yana sanyaya zuciya.

Na kalli matar da ke cikin salular. Almakashi huɗu a gabanta, gam kwalba-kwalba, hannunta fes. Sabon abu, wai. Ni da na yi shi da rabin reza da ƙaro a gwangwanin tumatir, cikina ba komai, tun wannan matar ba ta san hannunta na dama ba. Na ce wa Nana ta ɗauke mini salula daga fuska, ta shiga ɗaki ta jawo akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gado.

A can ƙasa, ƙarƙashin zannuwan aurena, kayen yana nan. Kaye ne mai baƙin bango, irin littafin rubutun da kamfani ke ba manyan ma'aikatan rami. Ya kumbura har ba ya rufuwa sai an ɗaure shi da igiya. Na kwance igiyar, ƙanshin tsohon ƙaro ya bugo ni, sai ga ni cikin wancan azumin na shekara talatin da ƴan kai da suka wuce, wanda shi ma a tsakiyar zafi ya same mu.

Shekarata sha uku a lokacin. Mu mutanen Mirriya ne ta wajen Damagaram, amma ni a Arlit aka yanke mini cibiya. Sunan kakata ta wajen uba aka sa mini, shi ya sa kowa ke ce mini Uwani. Babana, Malam Illa, shekara goma sha biyar ya yi yana shiga rami yana huda dutse da inji. A gidajen kamfani muke zaune, famfo a tsakar gida, wuta ba ta ɗaukewa, har ƙanƙara muke ba mutane kyauta. Sai kasuwar abin da ake haƙowa ta faɗi. Nasaru suka fara haɗa kayansu, aka shiga rage ma'aikata, kuma masu tari aka fara dubawa. Baba kuwa ya shekara yana tari. Likita ya ce taba ce. Mutumin da ko warin taba ya ji sai ya canza hanya.

Ranar da aka sallame shi ya mayar da hular kwano, da fitilar goshi, da takalma, da katin aiki. Katin nan ya fi komai ƙona mini rai, don a jikinsa kaɗai hoton Baba yake a duk duniya. Ya dawo gida da silifa a ƙafa da kayen nan a hammata, kayen kaɗai ne ba wanda ya ce a mayar. Sati biyu kafin azumi muka loda kayanmu a amalanke muka koma bayan gari, unguwar da aka gina da laka da gangunan ƙarfe da aka fasa aka miƙar.

Kwanakin azumin nan duk kamarsu ɗaya, har yau zan iya jero su. Gari na wayewa ni da Inna mu ɗauki bokiti mu tafi famfon unguwa. Layi ya yi tsawo, ruwan yana zuba siriri kamar zare, mata suna faɗa da muryar da ba ta fita sosai don kowa yana tattalin miyau. Kafin hantsi ƙasa ta fara cin tafin ƙafa ta cikin takalmi. Da azahar gari ya mutu, ko akuya ba ta kuka. Mu jiƙa tsohon buhu mu rataya a ƙofa, kafin ka juya ya bushe ƙarau. Baba yana kwance a tabarma a gindin bango, inuwa tana gudu muna bin ta, ni in kama kusurwa ɗaya Inna ta kama ɗaya mu ja shi. Kullum tabarmar tana ƙara sauƙin ja, kuma ba wadda ta taɓa faɗa wa ƴar'uwarta. An ce masa mara lafiya ba ya azumi. Ya ce kamfani ya karɓe hula da kati da takalma, amma azuminsa ba na kamfani ba ne.

Da la'asar in kai wake niƙa, Inna ta dasa kasko a bakin hanya ta soya ƙosai, don shi ne sana'ar da ta rage mana. Magariba ta yi mu sha ruwa da dabino ɗaiɗai, da ruwan randa mai ɗumi, da kunun tsamiya, da ƙosan da ya yi kwantai.

Takardar ƙunshe ƙosan nan ita ta jawo komai. Wata ƙawar Inna da ta yi wa matan Nasaru shara ta kawo mana tulin manyan littattafan hotuna da suka bari, waɗanda suke zaɓen kaya a ciki a aiko musu daga ƙasarsu. Aikina shi ne in yage shafi in raba huɗu. Ina yagewa ina kallo. Riguna, labule, darduma, kwanuka, da mata masu dogon wuya suna murmushi ba dalili. Takaici ya riƙa kama ni in ga labule mai furanni ja da ruwan gwal ya tafi da maiƙon ƙosai. Na fara ɓoye waɗanda suka fi kyau a ƙarƙashin tabarmata, ban ma san me zan yi da su ba.

Maƙwabciyarmu ce ta nuna mini. Sunanta Gaishita, Ba'abziniya ce daga matan maƙera masu aikin fata, fari ya cinye musu dabbobi ya koro su gari. Katangar da ke tsakaninmu ba ta kai mini ƙirji ba. Kullum da rana tana zaune a rumfarta tana yanka jar fata da kore ƙanana-ƙanana, ta tsoma yatsa a jiƙaƙƙen ƙaro ta shafa, ta manna a jikin jaka kafin ta ɗinke. Nakan dogara da katangar ina kallonta don in manta da ƙishirwa. Rana ta uku ta gaji da ni. A Hausar Gaishita mace da namiji duk ɗaya ne.

"Uwani, kallo ya isa haka. Zo ka zauna. Riƙe wannan, ka shafa kaɗan, kar ka cika."

Kafin la'asar na iya. Ta karya rezarta biyu ta ba ni rabi, ta ba ni dunƙulen ƙaro ta ce in jiƙa a gwangwani. Fata kam ba ni da ita, amma takarda ina da ita tuli.

Inna na fara yi. Na yanka gangar jiki daga takardar buhun siminti, don ita ce launinta ya yi kusa da namu. Zane daga labulen nan mai furanni, kallabi daga takardar gwangwanin tumatir. Kai kuma na ciro na wata Banasariya na goga masa gawayi da dusar shayi har ya yi duhu. Inna ta gani ta yi dariyar da rabonta da ita tun muna gidan kamfani, tana tambaya yaushe ta yi wannan dogon hancin ba ta sani ba. Gaishita ta koya mini kada in manne tufafin, in bar musu ƴan kunnuwa da za a lanƙwasa a kafaɗa, yadda za a cire a sa wasu.

Baba yana kallona daga tabarma. Washegari ya ce in ɗauko masa kayensa. Shafukan farko duk lambobi ne da sunayen abokan aikinsa. Ya buɗe inda fari ya fara ya miƙo mini, ya ce shi ya gama da shi. Abu ɗaya ya roƙa, in riƙa sa Bisimilla a saman kowane shafi yadda ya saba yi.

Daga ranar kowace rana da shafinta. In sa Bisimilla, in rubuta kwana nawa ga wata, da abin da muka ci, da wanda ya yi faɗa a famfo, da ko Baba ya ci abinci ko bai ci ba, rabi da Faransancin lakwal, wato makarantar boko, rabi da Hausa. A ƙasa in manna aljihun takarda in zura mutumin ranar. Na yi Gaishita, na yi mai niƙa da farin gari a gira, na yi matar da ke tsare famfo hannunta a ƙugu, na yi Madam, malamarmu ta lakwal, na yi kaina. A shekarar ba wanda za a ɗinka wa kayan salla a gidanmu, an faɗa mana tun da wuri. To mutanena na takarda kowa kala uku-uku na yi masa, kuma ban nemi izinin kowa ba.

Baba na bari a ƙarshe. Wata rana ina bayan randa na ji Gaishita tana gaya wa Inna ta kan katanga cewa ƙanenta ma irin tarin nan ya yi, kuma bai ga damina ba. Daga ranar wasa ya fita daga aikin nan. So nake in samu Baba a takarda kafin a ɗauke shi, tunda wanda ke jikin kati an kulle shi a wani ofis. Na bincike littattafan nan kaf, mazan ciki duk masu tallar safa ne, ba mai kama da ubana. Sai na ɗauki fensir na zauna gabansa. Kwana huɗu ina zanawa ina gogewa. A na biyar ya fito, da tsagen kumatunsa, da ɗan gemunsa, da yadda yake ƙanƙance ido ɗaya in zai yi zolaya. Ban taɓa yin abin da ya kai shi ba, kuma ban sake ba.

Ranar sha bakwai ga wata Gwaggo Dije ta sauka. Yayar Baba ce, ta kwana biyu a saman kamiyo, babbar motar kaya, daga Damagaram da azumi a bakinta. Ta zo da gero, da kuka, da rubutun sha a galan, da kuma bakinta. Ba zan zalunce ta ba. Tun kafin ta kwance ɗamara ta karɓe ɗiban ruwa daga hannun Inna, ita ke tallafar kan Baba in tari ya sarƙe shi, kuma ba ta taɓa cin dabinonta ba sai ta ɓallo mini rabi. Amma kwana biyu da zuwanta ta same ni a inuwa na baje mutanena ina canza musu kaya.

Ta tsaya a kaina ta yi salati. Ta kira Inna ta tambaye ta ko ba ta san mala'ikun rahama ba su shiga gidan da ke da sura ba. Ga mara lafiya a kwance, shi ya fi kowa buƙatarsu, mu kuma mun cika gida da ƴan tsana mun tsaya muna mamakin bai samu sauƙi ba. Inna ta sunkuyar da kai, don ba a ja da yayar miji. Gwaggo ta tattara su cikin kayen ta nufi murhu. A bakin murhun ta buɗe, ta ga Bisimilla, ta juya shafi ta sake gani, ta juya ta sake gani. Hannunta ya tsaya. Ba za ta jefa sunan Allah cikin wutar ƙosai ba.

Sai ta yi abin da ake yi a garinsu. Abin da ba shi da kai, in ji ta, ya tashi daga sura. Ta ce in miƙo rezata. Ta zauna ta ɗora faifai a cinya, ta riƙa zaro su ɗaya bayan ɗaya tana yanke musu kai a hankali, kamar mai gyaran kuɓewa. Inna, Gaishita, mai niƙa, Madam, ni kaina. Na cije leɓe na ƙi kuka. Da ta zaro na Baba sai na ji hannuna ya kama wuyan hannunta, abin da ban taɓa yi wa babba ba.

"Sake ni, Uwani. Shi na zo ceto."

"In ya warke, Gwaggo, kin yi gaskiya. In bai warke ba fa, wa zai ba ni fuskarsa?"

Ba wanda ya taɓa faɗar maganar nan a fili a gidanmu. Inna ta toshe baki da mayafi. Gwaggo ta ɗaga hannu, na tabbata marina za ta yi, amma sunan uwarsu ne a kaina, sai hannun ya sauka. Ta ɓamɓare yatsuna, ta yanke. Kawuna goma sha biyu a faifai. Ta tashi da su ta zagaya baya, ta tafi da rezar kuma. Baba idonsa a rufe yake, amma na san ba barci yake yi ba.

Kwana uku ban taɓa kayen ba, ban kuma yi wa Gwaggo magana ba sai gaisuwa, ita ma a ciki-ciki. Na ƙi karɓar rabin dabinonta. Baba bai samu sauƙi ba, kuma ina sane nake kallonta duk lokacin da ya yi tari. Na tsane ta a kwanakin nan, tsana ta gaske, kuma ban ji kunyar Allah a kai ba sai daga baya.

A rana ta huɗu na tsallaka wurin Gaishita na zube mata gawarwakin a tabarma don ta taya ni baƙin ciki. Sai matar nan ta fashe da dariya. Ta riƙa ɗagawa tana faɗar sunan kowa. Wannan Inna ne, ga yadda yake tsayuwa. Wannan mai famfo ne. Wannan ni ne. Ko ɗaya ba ta kuskure ba. Ta ce kawunan nan da ma na Nasaru ne, ban da na Baba, yanzu ne ma mutanen suka koma namu. Ta ce ita mijinta shekara ashirin fuskarsa tana cikin rawani, ko abinci ta ƙarƙashi yake ci, amma in ya ɓullo daga bakin kasuwa tun yana ɗan ɗigo take gane shi.

Na koma gida kaina yana zafi. Na tuna duk asubar duniya da na tsaya a ƙofar gidan kamfani ina kallon Baba yana tafiya wurin motar ma'aikata. Ba fuskarsa nake gani ba a lokacin. Bayansa nake gani.

Gaishita ta ara mini rezarta, ta ba ni shuɗiyar takardar da ake naɗe dunƙulen sukari, ita ta zama kayan aikinsa. Hular kwano daga hoton wata roba ruwan ɗorawa. Takalma daga hoton wata baƙar kujera. Kwanon abincinsa daga takardar shayi mai ƙyalli. Igiyar fitila kuma zare na ciro daga bakin zanen Inna. Na yanka komai a rumfarta, na mayar mata da rezarta. Amma mannawa a tsakiyar gidanmu na yi, bayan la'asar, daidai inda Gwaggo ke tankaɗe. Wannan karon ban yi aljihu ba. Na kwaɓa ƙaro da kauri na manne shi a shafin, yadda ba mai zaro shi.

Ta ajiye rariya ta tambaye ni ko ban ji magana ba ne. Na ce na ji sarai, shi ya sa ban yi fuska ba. Hula ce kawai. In hular kamfani za ta yanke, bisimilla.

Ta shiga ɗaki ta fito da rezata, ta fizgi kayen. Ta daɗe tana juya shi tana neman inda za ta yanka. Da ta rasa, sai ta kai ƙara wurin ƙanenta. Ta durƙusa gabansa ta ce ya ga abin da ƴarsa ke yi, shi ya yi mata magana tunda ita ta zama abin raini. Baba ya karɓa ya riƙe nesa da ido. Ya jima yana kallo.

"Ta yi kuskure," ya ce.

"To, kin ji," in ji Gwaggo.

"Kafaɗar hagu ce ta sauka, Yaya. Ita ta saukar da ta dama."

Gaskiyarsa ce. Shekarun da ya yi yana saɓa injin huda dutse sun danne masa kafaɗar hagu, kowa ya san shi da haka. Ni kuwa gangar wancan da aka yanke wa kai na ɗora na kwafa, na manta cewa shi gaba yake kallo, wannan kuma baya ya juya. Sai kafaɗar ta koma ɗaya ɓangaren. Na ji kamar in nutse, ga shi na manne shi manni na har abada.

Baba ya ce a tayar da shi. Gwaggo ta ce ba inda za shi, Inna ta ce ya rufa mata asiri. Kwana tara rabonsa da tsayuwa da ƙafarsa. Da ya ga ba mai taimaka masa sai ya dafa bango da kansa. Ya yi gwiwa ɗaya, ya huta, tari ya zo ya wuce, ya yi ta biyu. Ya miƙe. Sannan ya juya mini baya a hankali, ya saki bangon.

"Buɗe sabon shafi, uwata. Duba da kyau, ba zan iya daɗewa a tsaye ba."

Na duba. Riga tana lilo a jikinsa, ƙasusuwan baya sun fito ana iya ƙirga su. Kafaɗar hagu a ƙasa. Wuya ya ɗan tura gaba irin na wanda ya saba tafiya inda rufi ke kusa da kai. Ƙafar dama ta karkata waje. Rana ta yi ƙasa, inuwarsa ta miƙe har kan cinyata. Ina da ragowar shuɗiyar takarda, amma reza tana hannun Gwaggo. Ban kalle ta ba, ban roƙe ta ba. Hannu kawai na miƙa gefe na buɗe tafi, idona a kan Baba.

Na ji sanyin ƙarfe a tafina.

Ƙafafunsa suka fara rawa. Gwaggo ta tashi da sauri, na ce shi ke nan za ta kwantar da shi. Sai ta zagaya ta gabansa, ta sa hannu biyu ta tallafe shi ta ƙirji, ta ɗan rusuna yadda ba za ta tare mini komai ba. Ina yanka ina jin numfashinsu su biyu. Can ta ce, ba da ni take ba, wannan ƙafar da ke kallon waje ta babansu ce. Ban san minti nawa ya yi a tsaye ba. Na dai san da na ce na gama, tare suka sulale ƙasa, kuma bai sake tsayuwa ba.

Ya cika azuminsa talatin. Kwana tara bayan salla, da hantsi, Allah ya karɓi abinsa.

Gwaggo ta zauna da mu har Inna ta fita takaba. A cikin watannin nan aka yi ruwa sau ɗaya, irin na Arlit da ke zuwa da rana tsaka ba sallama. Sama ta yi ja, ta yi baƙi, ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika gari, yara suka fita tsirara, kafin a jima katangarmu da Gaishita ta narke ta zauna. Ɗakinmu ya zuba ta ko'ina. Na shigo a guje ina neman kayen, ban gan shi inda na ajiye ba. A cikin tukunyar tuwo na same shi, an rufe da murfi an ɗora dutse. Ban tambayi wanda ya sa ba, kuma ban gode wa kowa ba. Har lokacin zuciyata ba ta sauko ba.

An so mu koma Mirriya. Inna ta ce a nan aka binne mijinta, a nan za ta soya ƙosanta, kuma wannan karon ba ta sunkuyar da kai ba. Ni aka sa in raka Gwaggo tasha. Muna zaune a inuwar kamiyo ana lodi, ta yi gyaran murya har sau biyu, sannan ta ce in yi mata irin na Illa ta tafi da shi.

Na ce sai ta dawo mini da kawunana. Na faɗa ne don in rufe maganar, don na tabbata sun daɗe da zama toka.

Ta jawo haɓar zanenta ta kwance ƙulli, ta juye mini a cinya. Goma sha biyu cif. Zufa ta sa sun yi laushi, gefunansu sun lanƙwashe. Na tona da sauri ina neman na Baba. Na same shi, amma fuskar babu. Fensirin ya goge, sai wani toka-toka mai santsi a tsakiya, daidai faɗin babban yatsa.

"Na kasa sa su a wuta," ta ce. "Nasa kuma kullum sai na ciro na duba. Ban san shafawa na goge shi ba, Uwani. Wallahi ban sani ba."

A nan na yi kukan da ban yi ranar faifai ba, ita ma ta yi nata, masu lodi suna ratsa mu da buhuna. Kamiyon bai cika ba sai la'asar. Na ruga gida na ɗauko reza da gwangwanin ƙaro, mai shayin tasha ya ba ni takardar sukari, na zauna a ƙasa na yi mata nata. Ta naɗe shi a cikin kallabi ta sa a ƙirji. Ba mu sake ganin juna ba.

Nana ta daɗe tana juya shafukan, salular tana gefe ta mutu don kanta. Ta buɗe ɗan gwangwanin da nake ajiye kawunan, ta ce ai yanzu akwai gam mai kyau, a mayar wa kowa nasa. Na ce ko kusa, haka suka rayu shekara talatin haka za su zauna. Ta kai shafin Baba ta tsaya, ta tambaye ni yaya fuskarsa take. Na buɗe baki in faɗa mata, sai na ga tsage da gemu kawai nake da su, sauran ya tafi. Na gaya mata gaskiya, ban sani ba kuma. Amma a tara mini mazan Arlit duka su juya baya, in yana ciki ba zan wuce shi ba.

Akwai sauran fararen shafuka a ƙarshen kayen. Na aike ta kanti ta sayo reza da ƙaro, ta roƙo takardar siminti wurin maginan da ke kusa da mu. Da ta dawo rana ta yi sanyi kaɗan. Na karya rezar biyu na ba ta rabi, na dafa bango na tashi, na juya mata baya.

Ta dube ni daga sama har ƙasa. Can ta ce, "Mama, ƙafarki ta dama waje take kallo."

Na ce na sani, ta yanka yadda ta gani.